Rigar Kawu Arzika da Idon Raƙumin Dawa

Ni ba marubuci ba ne. Aji shida na tsaya a lekwal, wato makarantar boko, na faɗi jarrabawa sau biyu anka ce in koma gona, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, ko ya aje takardar, duk ɗaya ne gare ni. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, ran Lahadin da ta wuce, kasuwa ta fara watsewa, ina tashar Filinge inda nike lodin kaya bisa motocin Yamai, sai samarin da ke dafa shayi gefen mai faci sunka kaure da gardama, wai wane naman daji ya fi haɗari ga maharbi. Wannan ya ce zaki, wancan ya ce ɓauna, wani ya ciro salula yana nuna musu giwa tana tattake mota. Mutanen da ko zomo ba su taɓa kora ba! Na ce musu raƙumin dawa ne. Sunka fashe da dariya, ɗaya ya ce, “Haba Baba, wannan da ko cizo bai yi? Wanda Turawa ke zuwa su ɗau hoto?” Na ci gaba da ɗaure buhuna, don bakina bai iya wannan labari gaban masu dariya.

Ku da ke karantawa, wallahi tallahi abin da zan faɗa ya faru gare ni, da idona na gani, da kunnena na ji, in na ƙara kalma guda Allah ya tambaye ni. Labarin yadda na raba kawuna da muryarsa ne, da yadda na so in maido masa ita.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Lokacin ina zaune ƙauyenmu, kudu da Filinge, in ka bar hanyar Tabla ka gangara cikin kwari inda gawo ke da yawa. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, akwai masu rai da sunka ci naman. Ubana ya rasu ina ƙarami, yayan uwata, Kawu Arzika, shi ya ɗauke ni, shi ya ciyar da ni, shi ya kai ni lekwal, shi ya yi mini aure. Da can maharbi ne wanda duk ƙasar Kurfai ta sani, amma kafin in yi wayo ya rataye bindiga ya zama ladanin masallacinmu. Babu lasifika, babu komai, muryarsa kaɗai. In ya kira salla, wanda ke gona mai nisa zai aje hauya. Yana da wata ɗabi'a, kafin ya fara sai ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ɗan tari guda, har mata in sunka ji tarin sai su ce, “To, Arzika ya tashi.” Ga shi da surutu da tsokana. Ni bai taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan lekwal.

Na taɓa yi masa irin tambayar samarin nan, ina saurayi. Ya ce, “Ɗan lekwal, zaki in ya kashe ka, a wanke ka a rufe, ka huta. Ɓauna haka nan. Wanda nika tsoro shi ne wanda ba shi ramawa.” Ya ce raƙumin dawa bai da murya, ba ya kuka ko ana yanka shi, don haka duk abin da zai faɗa cikin ido yake ajiye shi. Maharban da, in sunka kayar da shi, ba mai zuwa masa ta gaba. Ta baya ake zagayawa, mutum ya tuɓe rigarsa ya jefa masa bisa fuska, ya roƙe shi gafara, sannan a sa wuƙa. Na yi dariya na ce wannan ai camfi ne, malaminmu ya ce dabba dabba ce. Ya ce, “To, malaminku nawa ya kashe?”

Shekarar da abin ya faru ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ba sai kara, wake kaɗai ya ɗan kama, kuma waken nan shi ne dukan abin da nike gani tsakanina da yunwa, ga mata da goyo. Sai raƙuman dawa uku sunka hauro daga kudu sunka sauka kwarinmu, lokacin gawo ya fara sabon ganye. Da ganyen gawon kaɗai sunka tsaya da ba komai. A'a, sai wake. Ka zo gona da safe ka iske babba ya ware ƙafafun gaba ya sunkuyo da wannan dogon wuya yana tsinkar maka wake kamar shi ya shuka. Na kaɗa gwangwani, na yi ihu, na yi jifa, su matsa kaɗan su tsaya suna kallona ta saman itace. Na taka har Filinge na kai kuka, anka ce in yi haƙuri, doka ta hana taɓa su. Na komo na gaya wa Kawu, shi ma ya ce in yi haƙuri, abin da ke rumbunsa mu raba. Ni kuwa na san abin da ke rumbunsa, ko shi da matarsa Inna Hajo bai kai su rani ba.

Wata safiya bayan an fito masallaci, Kawu ya tafi gaisuwar mutuwa unguwar gaba, na shiga ɗakinsa na sauko da tsohuwar bindigar, na ɗura mata albarushi da dalma yadda na sha gani, na nufi gona. Da hantsi na same su. Babban, namiji, mai duhun zane, yana tsaye ya ba ni haƙarƙari. Na rarrafa cikin sabara har ina jin ƙarar taunarsa, na ɗana, na saki. Hayaƙi ya rufe ni, kafaɗata kamar ta cire. Da ya washe sai na ga biyu sun ruga, shi kuwa ya juya a hankali yana tafiya, jini na bin ƙafarsa. Ko “uh” bai ce ba. Wannan shirun ya fara tsinka mini zuciya.

Ina nan tsaye sai ga Kawu yana sauri, ya ji ƙarar tun daga gidan makoki ya gane bindigarsa. Na zaci zai mare ni. Ya dubi jinin, ya dube ni, ya ce, “Ka yi ta, ɗan lekwal. To tunda ka yi, ba a barin shi shina wahala. Mu tahi.” Munka bi jini. Tun hantsi har rana ta take tsaka muna tafiya, yana gaba ina baya, yana ta nanata mini: “In mun iske shi kwance, kak ka matsa. Ni za ni zagaya, ni za ni rufe mai ido. Sai na kira ka. Ka ji ko?” Na ce na ji.

To ga inda shaiɗan ya shiga. Muna cikin tafiya sai na tuna ban yi bisimilla ba lokacin da na saki harbin. Tsoro da haushi sun sa na manta. Ni kuma abin da na sani shi ne, naman da anka harba ba bisimilla, in ya mutu kafin wuƙa ta kai wuyansa, ya zama mushe. Ku duba, nama kamar tsauni, a shekarar da yara ke kwana da ruwan kunu, ga wakena ya tafi, a ce kuma duk ya haramta saboda bakina? Da na buɗe baki na gaya wa Kawu, da shi ke nan. Amma kunya ta hana ni. Ladanin gari, in ce masa ɗan da ya rena ya harba bindiga ba sunan Allah? Na haɗiye.

Munka same shi gindin wani babban gawo, ya durƙushe, wuyan ya kwanta bisa rairayi, ciki na hawa yana sauka, numfashi ɗaya sai an jima sannan wani. Kawu ya ɗaga mini hannu, ya fara tuɓe rigarsa, shuɗiya ce mai aljihu a gaba, yana takawa a hankali ta baya, bakinsa na motsi. Ni kuwa numfashin nike ƙirgawa. Na ga ciki ya sauka bai tashi ba. Wallahi ban san sanda na zare wuƙa na ruga ba, kuma ta gaba na ruga, don nan ya fi kusa da maƙogwaro.

Sai ya ɗaga kai.

Na fara ganin gashin idon, dogaye kamar na amarya, da wani ruwa na gangarowa. Kafin in ga ƙwayar idon sai na ji an banke ni, na faɗi rubda ciki, baki cike da ƙasa. Na ji Kawu ya ce, “Kau da kai, ɗana!” Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ran nan. Ya jefa rigar, amma da yake ya bangaje ni hannunsa ya kauce, rigar ta faɗi gefe. Na leƙa ta ƙarƙashin hannuna na ga Kawu tsaye ba riga, fuska da fuska da dabbar, tsakaninsu bai fi taki biyu ba, ba wanda ya ƙifta. Ban san tsawon lokacin ba. Daga nan kan ya koma ƙasa a hankali. Kawu ya ɗauki rigar ya rufe masa fuska, ya karɓi wuƙar hannuna ya yanka, jini ya fito da gudu, alamar da sauran rai. Ashe ma da na tsaya da ba abin da ya ɓaci.

Na ce, “Kawu, ka yafe mini.” Ya dafa kaina. Bai ce komai ba, na ɗauka fushi ne.

Gari duka ya fito da jakuna da kwanduna, kafin la'asar an kwashe naman, an binne fata da ƙashi, kowane gida ya samu, shi ya sa har yau ba wanda ya kai ƙara. Lokacin salla ya yi, Kawu ya je inda ya saba tsayawa, ya sa hannu a kunne. Ya yi gyaran murya sau biyu, ko in ce wuyansa ya yi motsin, don ba abin da ya fito. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuya sunka tashi, munka ga yana kira da iyakar ƙarfinsa, har ya juya dama ya juya hagu ya kai ƙarshe, amma ko iska ba mu ji ba. Liman ya sunkuyar da kai ya ce wani ya tashi ya kira.

Daga ran nan Kawu Arzika bai sake magana ba. Ba ciwo, ba zazzaɓi, hankalinsa garau, yana gane kowa, yana salla. Sai dai ya bar son zama. Yini yake tsaye gindin gawon ƙofar gida, ya miƙe wuya yana kallon kudu, ko abinci a tsaye yake ci, nama kuwa ko ƙamshinsa bai so. Na kai shi likita a Filinge, sunka tura mu Yamai, anka leƙa maƙogwaro da fitila anka ce lafiya lau. Malamai sunka yi rubutu ya sha har ya gaji. Ran da na gaya wa liman zancen bisimillar, ya dube ni ya ce, “Kai, mantuwa ce, ba ganganci ba. Ko da ya mutu kafin ku iso, ai da an ci.” Kun ji fa. Rabin karatu, can lekwal rabi, nan allo rabi, shi ya kai ni ya baro. Inna Hajo kuwa ba ta taɓa zagina ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai in ta kawo masa fura ta ce, “Malam, yau ma ba ka tsokane ni ba,” ta juya tana share ido da gefen zane.

Shekara ta zagayo, anka sake shiga kaka. Na je har wani ƙauyen Zabarmawa wajen tsohon abokin farautarsa, wani dattijo mai suna Hima. Na kwashe duka na gaya masa. Ya daɗe yana murza taba a tafin hannu, sannan ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, “Kallo nan naka ne, Arzika ya tare. Kaya na wani ya ɗauka.” Na ce to yaya za a yi a sauke masa? Ya ce shi bai taɓa gani ba, amma ya ji daga manya, in mai laifin ya koma inda dabbar ta faɗi, ranar da ƴan'uwanta sunka dawo, ya tsaya ya bari sunka dube shi, kayan na komawa ga mai shi. Ya ce, “Amma ka sani, abin da ya samu shi, kai za ya samu.” Na ce na yarda. Ni me nike yi da murya? Ba salla nike kira ba, ba wanda ke jin daɗin maganata.

Ban gaya wa kowa ba. Da labari ya zo cewa an ga raƙuman dawa cikin kwari, na yi alwala bayan azahar na kama hanya ni kaɗai. Na isa gawon nan rana ta karkata, inuwa ta fara tsawo. Na tsaya daidai inda Kawu ya tsaya. Ban daɗe ba sai tsuntsaye sunka yi tsit, na hango kai guda ɗaya yana tahowa ta saman itatuwa. Guda ɗaya, na rantse, na duba dama na duba hagu, babu na biyu. Yana tafe ba sauri, kai tsaye gare ni, abin da naman daji ba ya yi. Na ce a raina, to bisimilla, wannan karon dai ban manta ba. Ya iso har ina jin warinsa, ya tsaya, ya fara sunkuyo da wuya. Na ɗaga fuska.

Sai duhu ya rufe ni. Wani ya jefo mini tufa bisa kai ta baya, ya rungume ni ya danne ni ƙasa. Na ji ƙamshin tufar na gane ta, shuɗiyar rigar ce. Kawu ne ya biyo sawuna, ya zagayo ta baya, ya yi mini abin da ake yi wa dabbar. Na yi ta fizga ina cewa, “Kawu sake ni, nawa ne, bar ni in karɓa!” Tsoho mai shekara kusan saba'in, amma wallahi kamar an ɗaure ni da igiyar rijiya. Na ji numfashi mai ɗumi ya sauko bisa rigar, ya daɗe yana hura mini ƙeya. Ta ƙasan rigar ina ganin rairayi kaɗan, inda inuwarmu ta faɗi. Na ga tawa, dunƙule. Na ga ta dabbar, dogon wuya da ƴan ƙahoni biyu. Kuma daidai inda inuwar Kawu ta kamata ta kasance, manne da tawa, na ga wani dogon wuyan na biyu, sun haɗa kai.

Na rufe ido. Ban san abin da na gani ba, kuma kada wani ya tambaye ni.

Da ya sake ni, dajin ba kowa, sai sawu. Kawu ya zauna ƙasa yana haki, karo na farko da na ga ya zauna don kansa. Ya kama kunnena ya murɗe da ƙarfi, kamar yadda yake yi mini ina yaro in na gudu daga lekwal, ya nuna ni da yatsa, ya girgiza kai. Sannan ya ninke rigar ya ɗora mini a hannu. Na gane. Ya ce ne kada in ƙara, ya riga ya ɗauka, kuma bai bayarwa. Na yi kuka kamar mace mai takaba, shi kuwa yana ta bubbuga mini baya.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, bai ce uffan ba. Ran da ya rasu, da walaha ne, Inna Hajo ta kai masa fura ta iske shi jingine da gawon ƙofar gida, a tsaye, ido buɗe yana kallon kudu. Ni na rufe masa su, kuma sai da na kau da kai sannan na kai hannu. Bayan sadakar arba'in na kwashe iyalina na dawo Filinge. Gona ban sake ba.

Saura abu guda. Shekarun baya kaɗan na raka kaya Yamai, lokacin kaka, motarmu ta lalace cikin daji, ba gari gaba ba gari baya. Muna zaune bakin hanya sai wani ya ce ga raƙuman dawa can, fasinja sunka tashi da salula suna murna. Ni kuwa rigar nan ba ta barin jakata, na ciro ta na lulluɓe kaina na zauna, ana ta yi mini dariya. La'asar ta yi. Daga can cikin daji, ta wajen da dabbobin suke, na ji gyaran murya sau biyu. Sannan ɗan tari guda. Sannan kiran salla, tun daga farko har ƙarshe, da muryar da na yi shekara da shekaru ban ji ba. Na ce ko kaina ne ya taɓu, sai na ji wata tsohuwa kusa da ni ta ce, “Direba, ashe akwai masallaci nan kusa?” Direba ya ce, “Hajiya, shekara goma ina bin hanyar ga, ko bukka babu.” Dariya ta ɗauke. Na yi taimama na yi sallata da riga bisa kai, don ladanina ya kira, ba ni ƙin amsawa.

To ga amsata ga masu gardama. Zaki da ɓauna da giwa, ku ji tsoronsu, ban hana ba, amma su jikinka suke nema, kuma kai da ka taɓa su suke nema. Wancan mai shirun bai taɓa ko gashin kaina ba, ga ni nan da ƙafafuna da muryata ina zagin ƴan lodi kullum, wanda ya so ni ne ya biya. In kun gan su bakin hanya ku bar su su wuce, in sun ci muku wake ku kora da gwangwani ku yi haƙuri. In tsoho ya ce ku tsaya, ku tsaya, ko kuna ganin kun fi shi karatu. Kuma in kun yi kuskure ku faɗa tun kuna bisa hanya, kafin a iso gindin itacen. Ni kalma biyar ce na kasa faɗi, “Kawu, ban yi bisimilla ba,” sai ga shi yau in ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya cikin lasifika, sai na tsaya cak da buhu a kai, ina jiran tarin.